Ɗingishin da Na Bi Har Dutsin Baure

Tun da na dawo kun hana ni sakat. A resto wurin cin abinci ku tare ni, a bakin famfo ku tare ni, har Fati da ba ta shiga sabgar kowa sai da ta biyo ni ɗaki tana tambaya wai me na ci a Adar da hannuna ya sake haka. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha iska. Wanda bai san ni ba kuma takardar ta faɗa hannunsa, sunana Barira, 'yar Madawa, na gama shekarar farko a jami'a a Yamai, a sashen da ake koyon kiɗa da waƙa.

Bari in fara da abin da ya kore ni, ko da yake mafi yawanku kuna wurin. Malaminmu na kiɗa, Mushe Ilyasu, wato Malam Ilyasu da Faransanci, yana da wata 'yar na'ura ta katako da ake ce wa metronom, mai harshe ɗaya da ke kaɗawa dama da hagu, ƙas, ƙas, ƙas, ba ta gajiya ba ta kuskure. Mu sababbin shiga bai bari mun taɓa gurmi ko kalangu ba. Ƙwarya ya ba kowa, mu kife ta, mu bi na'urar da tafin hannu, bugu huɗu-huɗu. Kowa ya bi. Ni kuwa bugun farko ya faɗa daidai, na biyu ya makara, na uku daidai, na huɗu ya makara. Ba wata makara mai yawa ba ce, 'yar ƙiftawar ido, amma in aji guda na bugu tare ita kaɗai ake ji. Abin haushin, ni a kunnena daidai nake.

Ran nan ya tsayar da aji, ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Barira, kiɗanki ɗingishi yake yi."

Kunka kwashe da dariya. Wanda ya fara kirana Ta-Ɗingishi ya san kansa, ni ma na san shi, kuma ban manta ba. Shekara guda ina fama. Na ƙirga da baki, na sa ƙas-ƙas ɗin a salula ina yawo da ita a kunne, duk a banza. A takarda ba wanda ya fi ni, amma da an ajiye ƙwarya gabana sai hannu ya koma halinsa. Jarrabawar ƙarshen shekara na faɗi. Mushe Ilyasu ba mugu ba ne, ya ce ya ba ni dama ɗaya: in an dawo hutu in zo da kiɗa nawa na kaina, wanda na gina kan wani kiɗa na mahaifata, in buga gaban aji tare da na'ura. In ya zauna in wuce shekara ta biyu, in bai zauna ba in nemi wani sashe. Baba dama karatun shari'a yake so in koma, har ya fara faɗa wa abokansa a kasuwar albasa. Ni kuwa kiɗan nan nake so, so irin mai hana cin abinci.

Hanyar Yamai zuwa Madawa ba sai na ba ku labarinta ba. Bas ne tun asuba, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ana tsayawa ana sayen tsire da ruwan leda, har warin albasar Galmi ya shigo ta taga ka san ka kusa gida. Ni duk hanyar ƙas-ƙas na kunnena ina bugun cinyata, har tsohuwar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ƙuma ke cizona.

A gida na yi mako guda ƙarƙashin itacen dogon yaro, ni da ƙwarya da salula. Gwaggo Hajo, doguwar ƙanwar Baba, wadda ta rene ni, tana gefe tana saƙar tabarma. Na lura duk na fara bugu sai hannunta ya tsaya, ta zuba wa hannuwana ido, in na ɗago kai ta koma kan kabarta. Rana ta bakwai ta tambaye ni, malamin namu mahaifa ya ce ko inda mutum ya yi wayo. Na ce mahaifa.

Ta ce, "To ba nan anka bizne cibiyarki ba."

Na san wannan, sani irin na abin da ba a tayar da zancensa. Na san uwata ta rasu ina da wata biyu, a garinsu, wani ƙauye da ake kira Dutsin Baure can wajen Keita a ƙasar Adar, kuma na san ina da shekara uku anka kawo ni Madawa. Abin da ke tsakanin wata biyu da shekara uku ban taɓa tambaya ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗa mini. Gwaggo ta shawo kan Baba, ta naɗe sabuwar tabarma da kilishi ta ce na Kawu Alhasan ne, yayan uwata. Sannan ta buɗe ƙasan akwatinta ta ciro wani ƙunshi ɗaure cikin leda ta tura cikin jakata. Na ce na wa. Ta ce in na je zan ga mai shi, ta juya baya tana neman abin da bai ɓata ba.

Motar garin Buza, wanda ke kan hanyar Keita, buɗaɗɗiya ce, wadda ake lodin buhu a ƙasa a ɗora mutane a sama. Na samu wuri kan buhun gishiri, ƙwaryata a cinya, wani rago ɗaure yana shaƙar ƙafata. Kun yi ta tambayata ko na ƙetare iyaka. Iyakar da na gani ita ce igiya mai tsummoki da jandarma sunka ɗaure tsakanin tano biyu, wato duro, bayan mun bar gudaro, hanyar kwalta. Jandarman ya karɓi katina, ya ga an rubuta ɗaliba, ya dubi ƙwarya, ya tambaye ni me nake karantawa. Da na sani in ce shari'a. Na ce kiɗa.

Daga nan har Buza ni ce abin hira. Wani dattijo mai laima ya tambaye ni ko ubana makaɗi ne, na ce ɗan kasuwa ne. Ya tambayi kakana, na ce manomi. Ya jinjina kai ya ce a zamaninsu kiɗa gado ne, wanda bai gada ba ko ganga ta faɗi gabansa sai ya kewaye ta. Wani kuma ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, wai sai an je Yamai an zauna kan benci kafin a iya abin da matarsa ke yi kyauta ranar suna. Bakina ya cika da amsa, amma na haɗiye, don ni ɗin ma ban iya ba. Wata mata mai farin mayafi da ke gefena ce ta tare mini, ta ce ita ma ungozomanci ta karanta a lakkwal alhali kakarta ta karɓi haihuwar rabin garinsu ba takarda, kuma ba wanda ya taɓa ƙin kawo mata matarsa. Sunanta Madam Rabi, a asibitin Buza take aiki. Muna cikin haka mota ta faɗa rami, munka yi sama munka dawo, ragon nan ya zo ya zauna daram kan ƙwaryata. Na ji ƙarar tsagewarta har cikin haƙorina.

Buza tana bisa tudu, ana hango kwari shimfiɗe kore shar da layukan dogon yaro. Da munka isa anka ce an yi ruwa a arewa, korama ta kawo, ba mai wucewa wajen Keita sai gobe. Madam Rabi ta ce ba a barin ɗiyar mutane a tasha, ta ja ni gidanta. Amma kafin nan ta kai ni wurin wani mai gyartai a gindin kasuwa, tsohon Buzu da rawani har hanci. Ya juya ƙwaryar, ya huda gefe da gefe na tsagar da basilla, ya ɗinke ta tsaf. Da ya gama ya kife ta ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. Muryarta ta sake, ta yi 'yar shaƙewa a ƙarshen kowane bugu. Ya ce mini ta ɗinku, amma kada in jira tsohuwar muryarta, ba za ta dawo ba.

A gidan Madam Rabi na ci tuwon dawa da miyar guro, busasshiyar kuɓewa, da ta sha gabu, wato dunƙulen ganyen albasa da anka daka anka shanya. Mu a Madawa muna sa shi kaɗan don ƙamshi, su kuwa kamar shi ne miyar. Da la'asar maƙwabtanta uku sunka hau turmi ɗaya suna lugude, kowace ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, turmi na amsawa dum, dum, dum, daidai wa daida, ko na'urar Mushe Ilyasu sai haka. Na ce ga abin da na zo nema. Na ɗauka a salula. Sai ɗayarsu ta miƙo mini taɓarya ta ce 'yar lakkwal ta gwada. Bugun farko lafiya. Na biyu taɓaryata ta makara ta haɗu da ta matar da ke bina, kau, har hatsi ya watse kaji sunka samu rabo. Sunka yi dariya ba da mugunta ba, wata ma ta dafa kafaɗata. Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Na ce a raina da safe Madawa zan koma, in ce wa Baba ya yi gaskiya.

Abin da ya hana ni shi ne ƙunshin Gwaggo. Kunyar in mayar mata da shi yadda ta ba ni ita ta ɗora ni kan kabu-kabu da safe.

Mai babur ɗin sunansa Sha'aibu, mutum ne mai furfura a gemu, ya yi shekaru yana ci-rani a Abija ta ƙasar Kwaddibuwa, kuma duk wanda ya hau bayansa sai ya ji labarin Abija tun daga farko. Ya ce can ruwan sama ba ya tare hanya, can kifi ya fi nama araha, can ya koyi cin rogo da safe har cikinsa ya daina gardama. A bakin korama ruwa ya janye zuwa gwiwa. Maza huɗu sunka ɗaga babur a kafaɗa, ni na tattare zane na ɗora jaka da ƙwarya a ka na bi bayansu, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata. Takalmina ɗaya ya tafi da ruwan, ban sake ganinsa ba. Haka na shiga ƙasar uwata, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya ba.

Daga can hanya ta fara hawa. Duk tudun da munka wuce sai in ga layukan duwatsu jere a jikinsa, layi bisa layi har sama, itatuwa sun tsiro a bayansu. Sha'aibu ya ce mata ne sunka jera su shekarun baya, don su tare ruwa kada ya kwashe ƙasa, dutse ɗaya-ɗaya a ka, uwarsa ma tana ciki. Rana ta yi sanyi, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa. Jakar da ke tsakanina da shi ta yi ɗumi, na jingina kumatu a kanta, muryarsa ta koma can nesa. Wani ƙamshi ya taso, jar ƙasa da ta sha ruwa, da hayaƙin kara, da tsamin nono, na ji na san shi ban san daga ina ba. Na ji kamar ana lilo da ni, a yi gaba a karkata hagu, a yi gaba a karkata hagu, kuma ba na son a daina. Sai da Sha'aibu ya daka mini tsawa ya ce in barci zan yi in sauka, shi bai iya kai gawa gidan mutane ba.

Dutsin Baure rumbuna sun fi ɗakuna girma, na laka, masu ƙaton ciki kamar randuna. Kawu Alhasan ya fito da kwashen noma a hannu, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Mata sunka cika gida, wasu na kuka, suna cewa goshin uwata ne sak. Gaisuwarsu ba irin tamu ta Yamai ba ce da ake yi ana tafiya. Sai an tambayi gajiya, da ruwa, da mutanen Madawa ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Anka kawo fura cikin ƙatuwar ƙwarya, an marmasa cuku a ciki, ludayi ɗaya na zagayawa. Can fura ce kalaci, ita ce abincin rana, tuwo sai dare. Ina sha na ji matar Kawu tana tambayarsa a hankali ko a aika wa Tamo. Ya ce a bari ta sauko da kanta, kwanakin nan a bukkar gonar tudu take kwana, kada a sa ta gudu a kan duwatsu. Ban san wace ce Tamo ba, ban kuma tambaya ba, don hankalina na kan abin da ya kawo ni.

Da na faɗa wa Kawu kiɗan garin nake nema, sai ya yi murmushi irin na mai ba da haƙuri. Ya ce kakanninsu kafin su karɓi salla suna da ganguna na noma da na roƙon ruwa, amma makaɗi na ƙarshe ya rasu tun ina ciki, 'ya'yansa suna Abija. Ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini gangar. Fatar ta tafi tuntuni, an toshe gindin da laka ana zuba wake a ciki. Na leƙa, na ga wake. A ranar kuma salulata ta mutu, garin ba wuta, sai ranar kasuwar wani gari ake kai caji. Ga ni ba kiɗan mahaifa, ba luguden Buza, ba ƙas-ƙas.

Rana ta uku bayan la'asar na ɗauki ƙwaryata na zagaya bayan rumbunan, inda hanyar tudu ke saukowa. Na kife ta a kan yashi. Tun da na shiga jami'a ban taɓa bugu ba sai da wani abu na ƙirga mini. Na ce yau dai ba mai ji, hannu ya yi abin da ya ga dama, ai sallama muke yi. Na fara. Ɗaya, sai na biyu ya zo a makare abinsa, uku, sai na huɗu ya biyo a hankali, ɗinkin mai gyartai na shaƙewa a ƙarshen kowane. Na rufe ido. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Iska na kaɗa ganyen hatsi, lilon nan na kan babur ya dawo, a yi gaba a karkata hagu. Can sai na ji kamar tsakuwa na amsa mini. Duk inda hannuna ya sauka, wani abu na sauka tare da shi a kan hanya, har makarar, ba ragi ba ƙari. Na ɗauka dutse ne ke mayar mini da sauti. Amma sautin matsowa yake yi.

"Wane marar kunya ne ke kiɗa min tahiyata?"

Na buɗe ido. Wata 'yar tsohuwa ce tsaye, ƙanƙanuwa, da damin ciyawa a ka, idanunta sun yi fari-fari da yana. Ƙafarta ta hagu ta fi ta dama gajarta, ta karkace waje. Faɗa take yi sosai. Ta ce tun tana da ƙarfinta yaran garin ke bin ta da gwangwani suna kwaikwayon tafiyarta, ta zane iyayensu, ba za ta gagara zane 'ya'yansu ba, in ma na isa in tsaya. Na miƙe, na ce Inna ki yi haƙuri, wallahi ba da ke nake ba, ban ma taɓa ganinki ba, haka hannuna yake, har a makaranta an gaji da ni. Na ce ni baƙuwa ce daga Madawa, gidan Alhasan na sauka.

Damin ciyawar ya zame daga kanta ya faɗi, ko ta waiwaye shi.

Ta ce, "Sake."

Na durƙusa na sake. Ta ɗaga ƙafa ta tako, dama, sai hagu ta biyo a makare, dama, sai hagu. Ban bi ta ba, ita ma ba ta bi ni ba, tare kawai muke sauka. Ta iso gabana ta sunkuya, ta shafa goshina da hannu mai kaushi, ta shafa kunnuwana, ta riƙe haɓata. Sannan ta kira sunana, wanda ban faɗa mata ba.

Ita ce Tamo. A nan bayan rumbu munka zauna ta ba ni shekaru ukun da ban taɓa tambaya ba. Ba danginmu ba ce, maƙwabciya ce. Tana budurwa dutse ya gangaro ya karya mata ƙafa wurin aikin jera duwatsun nan, ƙashin ya haɗe a gajarce. Makon da uwata ta rasu, ita ma jaririnta ya koma, ga nono na zuba, ga ni ina tsala kuka, sai tsofaffi sunka ɗora ni a cinyarta. Daga ranar ina bayanta. Da ni take hawa tudu, da ni take zuwa rijiya, da ni take saukowa da itace a ka. Ta ce ba na barci sai tana tafiya, in ta tsaya in farka. Mata masu lafiyayyun ƙafafu sun sha karɓata don ta huta, in yi ta ihu har su dawo da ni. Da na cika shekara uku dangin ubana sunka zo, kuma hakkinsu ne, ba ta hana ba. Wata doguwar mace ce ta kwance ni daga bayanta. Na ƙanƙame majanyin na ƙi saki, sai anka tafi da ni da shi gaba ɗaya.

Na tashi da gudu na ɗauko ƙunshin Gwaggo. Tamo ta kwance ledar da haƙori. Tsohon majanyi ne na saƙi, baƙinsa ya koɗe, an wanke shi an ninke, yana ƙamshin turaren akwati. Ta lalube gefensa har ta samu wani wuri da anka yi wa ɗinki da jan zare, ta tsaya a nan. Ta kifa fuskarta a ciki. Ni ma ban iya riƙe kaina ba, munka yi ta yi har awaki sunka gama da ciyawarta.

Da munka natsu na ba ta labarin Mushe Ilyasu da na'urarsa da sunan da kunka sa mini. Na zaci ranta zai ɓaci. Dariya ta yi har da tari.

Ta ce, "Malaminku ya yi gaskiya, ɗingishi ne. Amma ki ce mai shekara ukku ina hawan dutsi da ke, ko sau guda ban kada ki ba."

Kwana tara na ƙara a garin. Kowace safiya in bi ta gonar tudu, da takalman roba da matar Kawu ta ara mini. A kan hanyar nan ne na ji abin da ban taɓa saurara ba, wato tawa tafiyar. Ƙafafuna daidai suke sauka, ƙas, ƙas, ƙas, ba makara ko kaɗan. Ashe ina da shi a jikina tun tuni, ban taɓa neman sa a ƙafa ba. Nata takun da nawa suna tafiya gefe da gefe, su haɗu a bugun farko, su rabu, su sake haɗuwa. Da yamma sai in zauna da ƙwarya in ba hannun dama tafiyata, in bar wa hagu tata. Kwana uku suna sarƙewa, dama na son bin hagu kamar yadda ta saba. Tamo na zaune tana ɓarar gujiya, in na ɓata ta ce wannan ba ita ba ce, ita ba ta taɓa gaggawa haka ba. A rana ta huɗu sunka rabu, kowane ya kama hanyarsa. Na gina kiɗan yadda abin ya faru: hagu ita kaɗai da farko, a hankali, sannan dama ta shigo da ƙananan taku, sannan hagu ta yi shiru dama ta yi ta tafiya ita kaɗai har mutum ya fara jin kewa, sannan hagu ta dawo.

Ranar tafiya ta raka ni har bakin korama, inda Sha'aibu ke jira. Ba ta yi kuka ba, ta ce ta yi na wannan tun shekarun baya. Ta ɗaura majanyin a ƙugunta. Da babur ya haye tudu na waiwaya, na hango ta ta juya ta kama hanyar gida, kuma ko daga nesa ina iya ƙirga takunta. A Madawa Gwaggo ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi Kawu ba. Ta ce, "Ta karɓa?" Na ce ta karɓa. Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Sauran kun gani da idonku. Mushe Ilyasu ya ɗora na'urarsa kan tebur ya sake ta, ya dubi ɗinkin ƙwaryata. Na fara da hagu, na ga wasunku sun fara duban juna. Sai dama ta shigo ta zauna kan ƙas-ƙas ɗin daram, ta ƙi motsi, hagu na ɗingishinta a gefe. Da na kai inda hagu ke yin shiru, ajin ya yi tsit, ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya daɗe yana kallon hannuwana. Ya ce, "Har yanzu na hagun yana ɗingishi."

Na ce, "I, Mushe. Shekara uku yana hawan dutse da ni, ko sau ɗaya bai kada ni ba."

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya sa yatsa ya tsayar da harshen na'urar, ya jawo kujera ya zauna, ya ce in sake daga farko. Washegari sunana na cikin 'yan shekara ta biyu.

To Fati, kin ji abin da na ci a Adar, fura ce da cuku, sai tuwo da dare. Mai kirana Ta-Ɗingishi kuma ya ci gaba, yanzu amsawa nake yi. Hannun dama nawa ne, ku ba shi duk na'urar da kuke so zai bi ta. Na hagu na Tamo ne, kuma ba zan gyara shi ba.